Zaren Ulu a Jikin Makullaina

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na miƙe a gaban shugabannin ɗalibai cike da ɗaki na ce lallai sai an kawo mini wani mugun tsoho na ga idonsa. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce zaune ina tsince shinkafa.

Bari in fara da faɗin ko ni wace ce, kada ku ɗauka wata mai shisshigi ce ta faɗo daga titi. Ni ce mai tsaron ƙofar hostel ɗin mata a wata jami'a a nan Kafanchan. Yara suna ce mini Mama Mai Makulli a gabana. Abin da suke ce mini a bayana kuma na sha ji, ba zan maimaita ba. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya. A ƙauyenmu, can wajen Fadan Kagoma, lokacin da sa'o'ina ke ɗaukar allo zuwa makarantar mishan, ni ina sunkuye a gonar citta. Amma rashin karatu bai taɓa idona ba. Yarinya ta ce mini za ta coci, kallo ɗaya zan yi wa takalminta in san cocin ne ko wani wuri. Saurayi ya ce shi yayan wance ne, sai in ce ya faɗi sunan uwarsu. Rabinsu a nan suke juyawa.

Ga yadda nake aikina, don a nan maganar take. Kowace ɗaliba tana da lokar da take kulle kayanta, kowace loka tana da makulli biyu, ɗaya a hannun mai ita, ɗaya a wurina, saboda yaran nan ba abin da ba sa yarwa. Mutanen ofis suka liƙa wa kowane makulli 'yar takarda mai suna, suka zube mini a tebur, suka tafi. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko zan iya karanta abin da ke jiki. Ni kuma ba zan bi ƙaramin akawu ina roƙo ba. Sai na nemi hanyata. Na je kasuwa na sayo zaren ulu kala uku. Ja na 'yan ƙasa, wato namu: Gwong, Bajju, Atyap, Ham, Kagoro da sauransu. Kore na 'ya'yan Hausawa da Fulani. Ruwan ɗorawa na waɗanda suka zo daga kudu ko wani wuri mai nisa. Manyan ƙulli a jikin zaren su ne lambar ɗaki, ƙanana lambar gado.

Yarinya ta zo tana hawaye ta yar da makulli, sai in dube ta in ce, “Ke kore ce,” in laluba in ciro. Ban taɓa ba wata makullin wata ba. Taƙamar da nake yi da wannan dabara ta fi wadda wasu ke yi da digirinsu. Na sha jin yaran suna ce wa junansu 'yan ja da 'yan kore, na ɗauka wasa ne, har nakan taya su dariya.

Kada kuma wani ya ce ƙiyayya ce, don wannan ba zan yarda ba ko yanzu. Butocin alwala da ke bakin famfo, ni nake korar duk wadda ta ɗauka ta zuba omo a ciki. Lokacin azumi ni nake hana 'yan kwayar coci gwajin waƙa a bakin tagar masu hutawa. A gida da coci an koya mini cewa baƙo abin girmamawa ne, ni kuma a wurina duk mai koren zare baƙuwa ce. Don haka gaisuwarsu ma ta daban ce, da murmushi da komai: “Sannu baƙuwa. Ya mutanen gida? Yaushe za ki koma garinku?” (Ina faɗa ina jin daɗin kaina, kamar wadda ta ba da baiko mai nauyi a coci.)

To, akwai wata ƙa'ida a hostel ɗin. Duk mai son tsayawa takarar shugabar ɗalibai mata na gidan, sai mai tsaron ƙofa ta shaida halinta a jikin fom. Ni ba na sa hannu, yatsa nake dangwalawa. A shekarar nan mutum biyu suka fito. Ɗaya Rahila, 'yar ƙauyenmu, 'yar kwayar cocinmu, wadda na san uwarta tun tana goyonta. Ta kawo fom da safe, kafin ta gama gaisuwa na dangwala. Ɗayar kuma Safiya, doguwa mai hijabi, mai karatun lissafi, ba ta da yawan magana. Ita ce ta tsara layin ɗiban ruwa har aka daina faɗa a bakin famfo, wannan na sani, da idona na gani.

Ta kawo fom na karɓa, na ninke, na sa a jaka. Na ce tawada ta bushe, ta dawo gobe. Ta dawo, na ce hannuna da manja. Ta sake dawowa, na ce, “Bari in yi tunani, 'yata.” Abin da ke raina shi ne, shugabar gida ya kamata ta zama wadda in wani abu ya tashi na san ƙofar iyayenta. Mu a nan mun ga rikicin da muka gani a shekarun baya, ba sai na tona ba. Na ce baƙuwa in an ji motsi kayanta za ta ɗaure. Ban faɗa mata haka ba. Na dai bar fom ɗin a jaka, ina jiran ƙarfe huɗun Laraba ta wuce, lokacin da ofis zai rufe karɓa, sai in ce kash, lokaci ya ƙure.

A wannan makon ne aka kawo taron bita na kwana uku. Aka ce za a koya wa shugabannin ɗalibai adalci da sanin asali. Duk sun zo: 'yan ƙungiyar ɗalibai, shugabannin zumuntar Kirista, na ɗalibai Musulmi, na ƙungiyoyin ƙabilu, da masu neman takara irin su Rahila da Safiya. Babban ɗakin taro na makaranta yana yoyo, sai aka ce a yi a namu na hostel. Aka ce in buɗe musu in tafi. In tafi? Samari da 'yan mata a cikin gidana, ƙofa a rufe? Na jawo bencina na ajiye a baya, na zauna da jakata a cinya.

Mai koyarwar wata Malama Ladi ce, ƙarama da ita, da gilashi a ido, ba ta kai 'yata ta biyu ba. Tun ranar farko ta ɓata mini rai. Ta fitar da su tsakar gida ta jera su layi ɗaya. Ta ce, “Wanda mahaifiyarsa ta iya karanta wasiƙa, ya yi taku ɗaya gaba. Wanda tasa ba ta iya ba, taku ɗaya baya.” Ina kallo wata yarinya ta ja baya tana sunkuyar da kai. Na ce a raina, wato mu da ba mu yi boko ba mun zama ramin da ake faɗawa ta baya ke nan? Uwar da ta noma citta ta kawo ki nan, ita ce taku ɗaya baya? Na haɗiye, amma bai wuce ba. Sai ta ce, “Wanda aka taɓa hana shi wani abu saboda sunansa ko shigarsa, taku ɗaya baya.” Na ga Safiya ta ja baya. Kun san abin da na ce a raina? Na ce, wane mara tsoron Allah ne ya hana wannan baiwar Allah abu. (Fom ɗinta a lokacin yana kan cinyata, a cikin jaka, ina dafe da shi da hannu biyu.)

Rana ta biyu ta raba musu takardu, ta ce kowa ya rubuta rashin adalci ɗaya da ya gani da idonsa a cikin makaranta, kada ya sa sunansa, kada ya sa sunan mai laifi. Suka rubuta suka jefa a kwalin taliya. Ni rubutu ba ya ba ni tsoro, tunda ba ya magana da ni. Na ma taya su ɗaukar kwalin.

Rana ta uku, Laraba, bayan abincin rana, aka ce za a mai da wasu daga cikin takardun wasan kwaikwayo. Biyu na farko ban ga abin kallo ba. A na uku ne Ayuba ya fito. Ayuba shi ne shugaban ƙungiyar ɗalibai baki ɗaya, ƙato mai murya kamar injin niƙa. Ya shafa hoda a ka, ya sa tsohuwar rigar sanyi, ya riƙe sanda. Aka ce shi Baba Maigadi ne, mai riƙe makullan rumfuna a wata kasuwa. A hannunsa akwai tarin makullai, kowanne da tsumma a ɗaure, kala-kala. Na gyara zama na ce, ka ga tsoho mai dabara.

Wata yarinya ta fito a matsayin mai sayar da barkono. Ta durƙusa ta ce, “Baba, ina so in tsaya shugabar matan kasuwa. An ce sai ka shaide ni.”

Ayuba ya washe baki. “Sannu baƙuwa. Ya mutanen gida? Yaushe za ki koma garinku?”

“Baba, a garin nan aka haife ni.”

“To, to, madalla. Biro ya ƙare. Dawo gobe.”

Ta dawo gobe, ya ce idonsa na ciwo. Ta dawo jibi, ya ce zai yi tunani. Tana juya baya ya tura takardarta ƙarƙashin tabarma ya zauna a kai.

Ku da kuke zaune lafiya kuna karantawa, na san kun riga kun gane. Ni kuwa ban gane komai ba, kuma zan faɗa muku dalili. Da kalmar nan ta “baƙuwa” ta fito daga bakin namiji mai sanda, sai ɗakin ya ɓace mini. Ban ga Ayuba ba, wan mijina na gani.

A wajen Samaru Kataf na yi aure. Na fi shekara ashirin a gidan. Na koyi yarensu har ina rera waƙar makoki da shi. Ni na yi jinyar uwarsu har ta cika a hannuna. Na haifi 'ya'ya huɗu, duk mata. Da mijina ya rasu, ko ciyawa ba ta fito a kabarinsa ba, wansa ya tara dangi a gindin ɗorawa, ya dogara sandarsa, ya yi mini murmushi. Ya ce, “Mun gode, kin yi ƙoƙari. Amma gona ta gida ce, ke kuma baƙuwa ce. Yaushe za ki koma garinku?” Da murmushi ya faɗa. Da murmushin nan na ɗaure kayana na hau mota zuwa Kafanchan da ƙananan 'ya'yana biyu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Sai dai na ji benci ya faɗi a bayana.

Na ce, “Ku dakata.”

Duk suka juyo. Malama Ladi ta ce, “Mama, lafiya?”

Na ce, “Wannan labari ƙirƙira ne, ko ya faru?”

Ta ce, “Ya faru, Mama. Amma mun sauya wuri da...”

“A ina ya faru?”

“A cikin makarantar nan.”

Na tako har gaba. Na ce, “To a kira shi.”

Ta ce, “Mama, ƙa'idar taron nan ba ma kama suna. Halin muke dubawa, ba mutumin ba.”

Wannan magana ta ƙara mini wuta. Na ce, “Haka ake rufa wa mugunta asiri. Hali ba ya tafiya shi kaɗai a titi, mutum ne yake ɗauke da shi. Kwana uku kuna taku gaba taku baya, ga azzalumi a cikin gida kun san shi, kun ce ba kwa kama suna. Wane irin shugabanni za ku zama? In Kirista ne, ni da hannuna zan kai shi gaban dattawan coci. In Musulmi ne, na san gidan liman. Tsoho da furfura, yana yi wa yarinya murmushi yana zaune a kan takardarta. Gara wanda zai zage ka a fili. Mai murmushin nan na san shi, na taɓa cin tuwonsa.”

Ayuba ya ce a hankali, da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba, “Mama, dirama ne kawai fa. Ki zauna.”

Na ce, “Kai rufe mini baki, da hoda a kanka.” (Wasu sun so su yi dariya suka fasa. Na ɗauka kwarjinina ne.) Na ce, “Riƙon makulli amana ce. Ba kowa ake ba. Ni ma mai riƙe makulli ce, ku gani, ku koyi yadda ake yi.”

Na zura hannu a jaka, na fizgo tarin makullaina, na buga su a kan teburin Malama.

Ba su fito su kaɗai ba. Zare ya sarƙe da wata takarda, ya jawo ta, ta faɗi ƙasa ta buɗe. Ban iya rubutu ba, na faɗa muku. Amma hoto na iya. Ga fuskar Safiya nan ƙarama a kusurwar takarda, cikin farin hijabi, tana kallona daga kan siminti. Wurin da ya kamata yatsana ya zauna fari fat.

Na dubi teburin: ja, kore, ruwan ɗorawa. Na dubi hannun Ayuba, na ga yana ƙoƙarin ɓoye nasa a bayansa, amma tsummokaran sun leƙo: ja, kore, ruwan ɗorawa. Ko kalar ba su wahalar da kansu sun sauya ba. Wani a baya ya yi tari irin wanda ba na mura ba.

Kun san idan an sauke tukunya daga wuta, ba nan take take daina tafasa ba. Haka na yi. Na juya kan Safiya na ce, “Ke kika rubuta?”

Ta girgiza kai, idonta a ƙasa.

Sai wata ta miƙe daga layi na biyu. Rahila. Rahilata, mai jan zare da manyan ƙulli uku, wadda nake ajiye wa dafaffen rogo.

Ta ce, “Mama, ni ne na rubuta. Abeg kar ki yi fushi.”

Na ce, “Ke? Ke da na dangwala miki kafin ki gama gaisuwa?”

Ta ce, “Shi ne matsalan, Mama. In na ci ba wanda ya tsaya da ni, kowa zai ce Mama ne ya ba ni. 'Yan kore ba za su ji maganana ba, kuma suna da gaskiya. Ni ina so in kayar da Safiya da ƙuri'a, ba da jakanki ba.”

Na rasa inda zan dafa, sai na dafa inda ba ƙarfi. Na ce, “Ai ban taɓa wulaƙanta ta ba. Baƙuwa ce, girmama ta nake yi. Ku tambaye ta.”

A nan ne Safiya ta ɗago. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “Mama, a bayan tashar jirgin ƙasa aka haife ni. Babana ma a nan aka haife shi. Kakansa a maƙabartar garin nan yake kwance. Kullum in kika tambaye ni yaushe zan koma garinmu, rasa amsa nake yi, don in na fita ƙofarki keke ɗaya zan hau in sauka a gida.” Sannan ta ƙara da cewa, “Kakata ma takan tambaye ni ke. Hajiya Kande mai manja, ta layin 'yan gishiri. Ta ce ta san ki.”

Ta san ni. Ranar da na sauka daga motar Samaru da ƙunshin kaya a ka da yara biyu riƙe da zanena, ana ruwa, ban san gabas ba ban san yamma ba, wata mata ce ta yafito ni cikin rumfarta. Ta jawo mana benci. Ta ba yaran kunu. Da ruwa ya ɗauke ta bar manjanta a hannun maƙwabciya ta raka ni har gidan da na sami ɗaki. Ba ta tambaye ni coci nake zuwa ko masallaci ba, ba ta tambaye ni yaushe zan koma ba. Wato a cikinmu biyu, ni da yarinyar da nake yi wa sannu da zuwa, wadda ta zo garin nan a mota ni ce.

Ayuba ya jawo mini kujera, da hodarsa da komai, na zauna.

Amma kada ku ɗauka na zauna na yi laushi gaba ɗaya. Da numfashina ya dawo, wani fushin ya taso, kuma shi har yau ina nan a kansa. Na ce, “Shekara nawa kuna shiga kuna fita ta ƙofar nan? Akwai wadda ta taɓa tsayawa ta ce, Mama, zaren nan yana mana ciwo? Kuna ce wa kanku shugabanni, tsohuwa guda kun kasa fuskanta, sai kun shafa wa ƙato hoda.”

Malama Ladi ta cire gilashinta ta ce, “Mama ta faɗi gaskiya. Kuma akwai wata. Wa ya taɓa tambayar me ya sa take ɗaura zare? An ba ta makullai da rubutu, ba a ba ta karatu ba. Kwana uku muna maganar adalci a ɗakin da ita take buɗe mana, ba wanda ya...”

Na ce, “Malama, tsaya nan. Kada ki mai da ni darasi na biyu, na farkon bai huce ba.”

Sai a lokacin ɗakin ya fashe da dariya, ni kaɗai ce ban yi ba. Ina kallon agogon bango. Lambobinsa ban sani ba, amma na san inda hannunsa yake tsayawa in ofis zai tashi, kuma ya kusa. Na sunkuya da kaina na ɗauki fom ɗin, na kaɗe ƙurar. Na sake zura hannu a jaka na ciro tawadar da na ce ta bushe. Da na buɗe sai da ta ɓata mini bakin zane. Na dangwala yatsana da ƙarfi har ya fito ta bayan takarda.

Na miƙa wa Safiya na ce, “Na shaida. Ita ta gyara layin famfo. Ku faɗa musu ni na ce.”

Rahila ce ta fizgi hannunta, suka fita a guje, ɗaya hijabi na tashi, ɗaya takalmi a hannu. An ce mini akawu ya riga ya ɗauki kwaɗo lokacin da suka isa.

Safiya ce ta ci zaɓen, da ƙyar. Rahila ta yi kwana biyu ba ta cin rogona, wai da na bari ta ci a banza, sannan ta dawo. Wata Asabar da rana suka zo su biyu da reza, muka zauna muka yanke zaren nan ɗaya bayan ɗaya. Ban yar da dabarata ba, don ba dabarar ce ta yi laifi ba. Yanzu ja na ginin da ke gindin mangwaro ne, kore na bakin famfo, ruwan ɗorawa na bakin ƙofa. Na yi mako biyu ina ba mutane makullin da ba nasu ba, abin da ban taɓa yi ba. Sai na gane ashe duk shekarun nan ba ɗakin yarinya nake fara dubawa ba, fuskarta nake dubawa.

Takun nan na uwa mai karatu da mara karatu kuwa, har yau ban yarda da shi ba, na kuma faɗa wa Malama a idonta. Ayuba ma ban gama yafe masa ba. Ni ba na ɗingishi irin wanda ya yi.

Na ɗebi citta mai kyau na tafi layin 'yan gishiri. Hajiya Kande ta tsufa, ido ya yi rauni, jikoki ne ke auna manja. Na yi sallama. Ta karkata kai ta saurara, sai na ga bakinta yana motsi.

Ta ce, “A'a, baƙuwata ce? Har yanzu ba ki koma Samaru ba?”

Jikarta Safiya ta riga ta kai mata labari. Duk layin ya ji. Na zauna a kan bencin nan, shi ne dai na wancan lokacin, aka miƙo mini kunu na sha.

Har yanzu ina nan a bakin ƙofa, idona bai rage komai ba. Abu ɗaya ne ya sauya. In na ji an fara labarin wani mugu ba a faɗi sunansa ba, kafin in miƙe in ce a kawo mini shi, sai na fara laluba jakata tukuna.